Kakakin Kawu: Busa Cikin Taro Da Busa Kai Kaɗai

A wannan makon zan roƙi arziki ku ɗan yi haƙuri da ci gaban labarinmu, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da ita a nan, inda na san akwai masu hankali da za su taya ni dubawa. Maganar kuwa ta busa ce, da mabusa, da wani ƙarfe da ke ajiye a ɗakin kawuna a Kebbe, wanda ya so ya raba kan gidana gida biyu.

Mu Hausawa muna da wata ɗabi'a mai ban mamaki. Idan aka busa kakaki ranar hawan Salla, tsigar jikin kowa sai ta tashi, tsofaffi su riƙa jinjina, mata su rangaɗa guɗa, yara su bi da gudu. To amma bari mabushin nan ya sauke kakakinsa ya aiko neman auren 'yarka, a nan ne za ka ji ana cewa, "Ai mu ba mu haɗa iri da maroƙa." Da makaɗi, da mabushi, da mawaƙi, da sanƙira, duk mun zuba su a buhu guda mun ɗaure bakinsa. Muna son sautin, muna ƙyamar bakin da ya fitar da shi.

A Tambuwal aka haife ni, garin Buhari ɗan Shehu, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Mahaifiyata kuwa 'yar Kebbe ce. Duk wanda ya san wannan yanki ya san cewa allo da tawada su ne ado, kuma tun muna yara muke jin malamai na faɗin yadda Shehu Usmanu, a cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin halayen sarakunan da ya yaƙa, sai dai ya yarda da kiɗan da ke da dalili, kamar na tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. Saboda haka a gidanmu kiɗa abu ne da ake jiyowa daga nesa. Ba a taɓa shi da hannu.

Sai ga shi a cikin wannan zuri'a Allah Ya fitar da Kawu, ƙanen mahaifiyata. Yana yaro yakan busa sarewar kara a wajen kiwo. Da ya girma ya shiga aikin ɗan sanda, tun zamanin Jihar Arewa maso Yamma, kafin a ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, aka ga yana da kunne da ƙirji, sai aka tura shi cikin 'yan badujala. Da begila ya fara, wadda ake tada bariki da ita da asuba, daga baya aka ɗaga shi zuwa kakakin Turawa, wanda su 'yan badujala ke kira turamfet. A kan wannan ƙarfe ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma a kansa ne aka hana shi yarinyar da ya fara so. Kakin da ke jikinsa da albashinsa na wata bai hana uban yarinyar cewa shi ba zai ba mabushi 'yarsa ba.

Bari in ɗan kwatanta muku wannan abin busa, domin da yawanmu daga nesa muke hango shi ranar fareti. Bututu ne na farin ƙarfe mai ruwan zinariya, an naɗe shi ya dunƙule, ƙarshensa ya buɗe kamar mazurari. Babu wani harshe ko tsinke a cikinsa irin na algaita. Leɓɓan mai busa su ne ke karkarwa a cikin ɗan ƙoƙon da ake sa wa baki, bututun ya ɗauki wannan karkarwa ya mai da ita sauti. A tsakiya akwai maɓallai uku masu hawa da sauka kamar fistin na inji. Duk wanda ka danna sai ya buɗe wa iska wata ƙaramar hanya, tafiyarta ta ƙara tsawo, murya ta sauko. Da waɗannan maɓallai uku da ƙarfin leɓe ake fitar da duk muryoyin da ake so. Turawa ma ba su daɗe da samun wannan dabara ba, wajen 1815 ne aka ƙirƙiro ta a Jamus. Kafin nan nasu kakakin ma bututu ne zalla kamar namu.

To, shi kakakin Turawa iri-iri ne, kuma da haruffa suke kiransu, kamar yadda suke kiran muryoyin kiɗansu daga A zuwa G. Wanda 'yan badujala da masu kiɗan hailaif suke riƙewa, irin wanda marigayi Victor Olaiya ya yi suna da shi, sunansa B-filat. Idan aka warware bututunsa zai kai kusan mita ɗaya da rabi. Akwai kuma ƙanensa, kakakin C, wanda ya gaza shi tsawo da abin da bai kai taƙi guda ba. Idan ka gan su tare sai ka rantse tagwaye ne. Amma wannan ɗan gajartar ta sa muryarsa ta ɗara ta wansa da mataki guda, ta fi tsini, ta fi haske. Wani bambancin kuma shi ne, idan mai B-filat ya karanta C a takarda ya busa, abin da zai fito yana ƙasa da C ɗin fiyano da mataki ɗaya, don haka sai an rubuta masa takardarsa daban. Shi kuwa kakakin C, abin da ke rubuce shi ke fitowa. Kawu yakan ce shi ya sa yake sonsa, wai ba shi da baki biyu.

Yadda aka yi Kawu ya mallaki irin wannan, a Legas ne. An tura shi kwas na wasu watanni, sai wani malaminsu Bature ya ji busarsa, ya ja shi zuwa wata ƙungiya da ke haɗuwa da yamma, irin wadda ake kira okestira, wato taron makaɗa da mabusa masu kiɗan gargajiyar Turai. Cikakkiyar okestira takan kai mutum 80 ko fiye, fiye da rabinsu masu goge ne manya da ƙanana, masu kakaki kuwa biyu ne zuwa huɗu, can a layin baya. Ta Legas ɗin da Kawu ya shiga ba ta kai haka ba, amma tsarin ɗaya ne. Baturen ne ya ara masa kakakin C, da zai koma ƙasarsu kuma ya sayar masa. Kuɗin da Kawu ke tarawa don sayen keke su ya zuba.

Sau da yawa na sa shi ya ba ni labarin wannan zama, musamman da na fara tattara bayanai don wani littafi da nake son in rubuta. Abin da ya fi ba shi mamaki, in ji shi, shi ne yawan shiru. A badujala tun da aka ɗaga ƙafa kake busa har a tsaya, kuma wanda ya fi ƙara shi ne gwani, domin fili ne, ga rana ga iska. A okestira kuwa sai ka zauna da kakaki bisa cinya kana ƙirga gaɓoɓin kiɗa a zuci, hamsin, tamanin, ɗari, masu goge na ta aikinsu, kai naka jira. Idan lokacinka ya zo, wataƙila muryoyi biyar kacal za ka busa ka koma ka zauna. Amma idan ka shigo kafin lokaci da ƙiftawar ido, ko ka makara, duk ɗakin zai ji, domin kakaki ba ya ɓuya.

"Ke ɗiyata," in ji shi, "cikin taro kunne ka busa, ba baki ba. In kana jin kanka kai ɗai, to ka ɓata. Sai ka ji na kusa da kai, ka sa muryarka cikin tashi, har a kasa gane ku biyu na."

Akwai kuma wata wahalar da ya ce ta kusa kora shi. Tsofaffin mawallafan kiɗan Turai sun yi rubutu ne tun zamanin da kakaki ba shi da maɓallai, lokacin da kowace waƙa da tsawon bututun da ake ɗauko mata. Don haka sai a miƙo maka takarda an rubuta ta don kakakin D, ko F, ko A, kai kuma C ke hannunka. Dole idonka ya ga abu guda, ƙwaƙwalwarka ta juya shi, yatsunka su danna wani, duk a cikin numfashi ɗaya. Kawu ya ce kamar a ba ka wasiƙar ajami ne a ce ka karanta ta da Fulatanci ba tare da ka tsaya ba. Ga shi kuma kakakin C yana da nasa taurin kai, wasu muryoyinsa na sama sukan ɗan faɗo ƙasa, sai ka canza musu yatsu ko ka tallafe su da leɓe.

Da na bi diddigi daga baya sai na tarar ashe wannan ƙarfe yana da manyan mazaje. A Faransa da Amurka shi ne abin hannun mabusan okestira. Akwai wani Ba'amurke, Adolph Herseth, wanda ya riƙe kujerar shugaban masu kakaki a okestirar birnin Shikago daga 1948 har 2001, shekara 53 ke nan, kuma da kakakin C ya yi suna. Akwai wani shahararren kiɗa na Gustav Mahler, na biyar a jerin manyan kaɗe-kaɗensa, wanda aka fara gabatarwa a 1904. Shi da kakaki guda ake buɗe shi. Mutum kusan ɗari na zaune da kayansu, dubban 'yan kallo sun yi tsit, kai kaɗai za ka fara, kuma taken jana'iza ne. Idan leɓenka ya zame a nan, ba ka da bayan wanda za ka laɓe. Ɗana ne ya nemo mana shi a intanet muka kunna wa Kawu a waya. Ya saurara har ƙarshen wurin, bai ce uffan ba, sai dai na ga yatsunsa uku na dama suna motsi bisa gwiwarsa.

Wannan ya kawo ni ga busa kai kaɗai. Da Kawu ya dawo Arewa, sai ya tarar kakakin da ya zuba wa kuɗin kekensa ba shi da wurin zama. Takardun badujala duk don B-filat aka rubuta su, okestira kuwa babu ita a Sakkwato, balle Kebbe. Da ya yi ritaya ya mayar da na gwamnati, tunda kayan aiki ne, sai ya rage daga shi sai wannan. Abin da aka ƙera don ya zauna cikin mutum tamanin, sai ga shi a hannun tsohon ɗan sanda a bakin fadama. Idan mun je hutu, da la'asar sakaliya yakan ɗauki akwatinsa ya nufi gona, domin ba ya busa a cikin gari saboda kunyar surukai da malamai. Ni ce mai ɗaukar masa buta. A nan na ga yadda yake shafa wa leɓensa man kaɗe lokacin hunturu don kada ya tsage, yana ɗiga wa maɓallan man keken ɗinki da ya sirka da kananzir saboda ƙura. Da bazara kuwa, lokacin da zafin ƙasarmu ke haura digiri 40, sai ya ɗan zaro wani sashe na bututun, wai zafi na sa murya ta hau.

Busar da yake yi a gona daban take da ta fareti. A hankali yake farawa da dogayen muryoyi, kamar mai gaida wuri. Sannan ya shiga waƙoƙin da ya koyo a Legas, daga nan ya zarce zuwa karin waƙoƙin Narambaɗa da Ɗankwairo, yana jan su yadda ransa ke so. Ba madugu mai sanda a gabansa, ba mai ganga da zai riƙe masa lokaci. Ya ce mini a nan ne ake sanin mabushi, domin inda za ka ja numfashi, da inda za ka sassauta, da inda za ka yi shiru, duk shawararka ce, kuma duk abin da ke zuciyarka sai ya fito ta bakin ƙarfen ko kana so ko ba ka so. Ni dai ina yarinya ban san komai game da kiɗa ba, amma nakan gane ranar da Kawu ke cikin damuwa tun daga muryar farko.

Namu kakakin na gargajiya fa? Shi ma ai yana da nasa taron. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa shi a fadar Kano. Tsawonsa yakan wuce mita biyu, gaɓa-gaɓa ake haɗa shi, ba rami ba maɓalli, kuma muryoyi biyu yake da su, ta sama da ta ƙasa. Ba kowane basarake ake busa wa shi ba. Yana tafiya ne tare da tambari da algaita da farai da ƙaho, a hawan Salla, ko naɗin sarauta, ko daren Juma'a a ƙofar fada. Wannan ita ce okestirarmu, kuma ita ma kowa ya san lokacin shigarsa.

Kawu ya ba ni labarin wata shekara da aka kai su aiki bikin kamun kifi na Argungu. Da aka tashi hutu sai ya zauna inuwa guda da wani tsohon mabushin fada. Tsohon ya karɓi kakakin Kawu ya jujjuya, ya danna maɓallan, ya sa Kawu ya busa masa. Da ya gama sai tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ɗan sanda, naka ya iya waƙa, amma bai san sunan kowa ba. Nau murya biyu gare shi, amma in ya buɗe baki, gari duka ya san wa ka tahowa." Gaskiya ya faɗa. Harshen Hausa da hawa da sauka yake tafiya, don haka muryoyi biyun nan sun isa kakaki ya faɗi take, ya kira sarki da kirarinsa, mai kunne ya ji kalmomin sarai. Kawu ya ce tun daga ranar ya shiga koyon fitar da take da nasa ƙarfen, har ya kai idan ya hango mahaifiyata tafe yakan busa sunanta, ita kuma ta harare shi tana dariya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kawu ya tsufa. Haƙoransa na gaba sun zube, kuma mai busa kakaki da haƙoran gaba yake tokare ƙoƙon, idan babu su busa ta ƙare. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya waiwayi akwatin. Sai ɗana na biyu, mai shekara 15, wanda tun ranar da ya sa ƙoƙon a baki ya fitar da wata ƙara kamar kukan jaki, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kawu ya dube shi ya ce, "Wanga yaro shina da leɓe." Ya ce idan mun yarda ya ba shi kakakin, ya kuma koya masa abin da ya sani tun yana da sauran numfashi.

Maigidana ya ce atafau. Kuma don Allah kada ku ɗauke shi mutumin da bai waye ba, domin hujjojinsa masu nauyi ne. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, shi kuma ya fi natsuwa da ɓangaren masu kaucewa. Ya ce yaro yana tsakiyar hadda, ga jarrabawar gama sakandare na tafe. Ya ce a ƙasar nan ina mai kakakin C zai ci abinci, in ban da Legas inda ƙungiyar MUSON, wadda aka kafa a 1983, take da makaranta da okestira, sai kuwa badujalar soja da ta 'yan sanda? Sannan ya kawo wadda ta fi yi mini ciwo, ya ce, "Kina so a yi wa ɗanki abin da aka yi wa kawunki ranar da ya je neman aure?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Ni marubuciya ce ta littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano, na san ɗacin a karanta aikinka a ɓoye a zage ka a fili. Matan da ke aiko yara aron littafina su ne wani lokaci ke cewa marubuta ke lalata tarbiyya. Da na biye wa wannan da ban rubuta ko shafi guda ba. Na ce wa maigida, Maurice André, Bafaranshen da duniya ta sallama wa a busa kai kaɗai, wanda ya rasu a 2012, ɗan mai haƙar kwal ne, shi ma ya shiga ramin yana saurayi, kakaki ya fito da shi. Ya ce mini nan ba Faransa ba ce. Na ce haka ne, amma ko Shehu ai bai rufe ƙofa ruf ba, ya bar kiɗan da ke da dalili, kuma Kawu shekara da shekaru yana tada bariki, yana raka tuta, yana sallamar 'yan'uwansa da suka faɗi a bakin aiki, bai taɓa miƙa hannu ya roƙi kowa ko sisin kwabo ba.

Abin da ya sassauta maganar ba hujjata ba ce. Kawu ne da kansa ya sa aka kawo shi Tambuwal, duk da halin da hanyoyinmu ke ciki na rashin tsaro, ya zauna da maigida a zaure. Ban ji duk abin da suka tattauna ba, sai ƙarshensa da na kawo ruwa. Kawu na cewa, "Malam, ni ban ce ya zama mabushi ba. Ni dai na san abin ga ya koya min jira, ya koya min sauraren na kusa da ni, ya koya min tsayi ni ɗai gaban jama'a ban ji tsoro ba. In ya samu ukun ga, ko ya aje ƙarhen bai yi hasara ba."

Maigida ya yi shiru mai tsawo, sannan ya kafa sharuɗɗa. Sai lokacin hutu kawai. Ba busa a gidan biki, ba karɓar kuɗin kowa. Ranar da hadda ta ja baya, akwati ya koma Kebbe. Surukata kuwa har yau ba a gaya mata ba, kuma na san ranar da ta ji akwai sauran zama.

A hutun da ya wuce yaron ya yi mako uku a wurin kakansa. Sati na farko ko kakakin ba a ba shi ba, ƙoƙon kawai, yana ta hurawa kamar mai kiran kaji. Kawu ba ya iya nuna masa da baki, sai dai ya rera da murya, ya kama yatsun yaron ya ɗora a kan maɓallan. Ya dawo da muryoyi biyar da kumburarren leɓe, da wata sabuwar ɗabi'a ta yin shiru har mutum ya gama magana, wadda ubansa ne ya fara lura da ita.

Ban san inda wannan hanya za ta kai shi ba, kuma ba na yi masa mafarkin Shikago. Abin da nake roƙo shi ne Allah Ya ara wa Kawu kwanaki har yaron ya iya busa waƙa guda daga farko zuwa ƙarshe a gabansa. Ku kuma masu karatu, musamman iyaye, ina so ku taya ni da shawara a kan yadda zan tunkari surukata, domin ita ba a kai mata hujjar littafi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.